Gwaggon Masu Nauyin Ƙirji

Godiya ta tabbata ga Wanda Ya ara wa bayinSa numfashi, Ya ƙayyade wa kowane rai rabonsa, kuma Yake karɓar aronSa a sa'ar da Ya so ba tare da Ya shawarci kowa ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, yayata, wadda muka fito ciki ɗaya, ta amsa kiran Mahaliccinta a tsakiyar daminar bana, da hantsin wata Talata, a ɗakinta da ke Tibiri. Na ɗauki alƙalami ne saboda ita ba ta taɓa riƙe shi ba, kuma abin da ba a rubuta ba mantuwa ce take gadonsa.

Mun kai ta makwancinta bayan azahar, muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Na fi shekara arba'in ina zama a makokin mutane ina ja musu addu'a, har na san sautin irin wannan taro kamar yadda na san kiran salla: sallama, gaisuwa, addu'a, sa'an nan shiru. Amma ban taɓa zama a makokin da tari ya fi magana yawa ba sai nata. Kafin la'asar ƙofar gidan ta cika da fuskokin da ban sani ba. Ga wani Bafillace daga wajen Sae Sabuwa, wanda sai da ya dogara sandarsa ya huta kafin ya iya fitar da sallama. Ga mai gasa nama daga Agye. Ga mata daga Gazawa suna sauka daga taksi, suna shiga cikin gida a hankali, kowace ta dafe ƙirji. Duk wanda ya tsuguna a gabana sai in ga tudun wani ɗan abu a aljihun rigarsa, kuma na san ko mene ne: maganin shaƙa ne, irin wanda ake rubuta wa masu ciwon huhu.

Wani ƙanenmu, ɗan baffanmu, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Malam, waɗanga mutane dangin wa ne? Ko gidan likita anka buɗe a ƙofar gidanmu ban da labari?"

Na ce, "Danginta ne. Mu jini muka haɗa da ita, su kuwa ƙirji."

Da Bafillacen ya sami sarari ya ce, "Allah gafarta Malam, Allah shi jiƙan Gwaggo. Ba don ita ba, da tuni ungulu sun gama da ni a bayan shanu." Na ce masa Allah ne Mai rayawa. Ya ce, "Haka ne, Malam. Amma ita Ya aiko." 'Ya'yana ne suka fara kiranta Gwaggo, gari ya karɓe sunan daga bakinsu, har waɗanda suka girme ta ba su san wani ba.

Gab da faɗuwar rana, hadari yana haɗowa daga gabas, wani direban taksi da ya saba yi mata aike ya durƙusa a gefen tabarmata. Ya ce, "Malam, mai injin niƙa na wajen Gidan Sori ya ce a ba ka haƙuri. Ya ji rasuwa, ya yunƙura shi taho, bai kai bakin zaure ba ya zauna. Maganinshi ya ƙare yau kwana huɗu. Na duba farmasin nan gari, na duba na Gidan Rumji, na zaga Maradi, kowa sai shi ce ana jiran kaya."

Na san abin da kwana huɗu yake nufi ga ƙirjin wannan bawan Allah. Kuma shi ne mutumin da saboda shi muka yi kwana goma sha tara ba mu magana da yayata. Dole in koma baya domin mai karatu ya fahimta.

Kakanmu daga ƙasar Katsina ya ƙetaro da gafakarsa, ya zauna a Tibiri yana karantarwa. Mahaifinmu ya gaje shi, amma bai yi tsawon rai ba. Ya bar ni ina ɗan shekara tara, ita kuwa ta riga ta yi aure. Lokacin da na tafi neman ilimi a gaban malamai, ita ta riƙe gidanmu da sana'ar gujiya: ta soya, ta niƙa, ta matse mai, ta murɗa ƙuli-ƙuli. Duk fataken da za su bi ta inda nake sai ta ba su ƙunshi su kawo mini, a ciki akwai ƙuli-ƙuli da kwalbar mai da farar takarda. Babu shafin da na rubuta a ƙuruciyata wanda ba ya ƙanshin man gujiya.

Bukkar da take suya a ciki ba ta da taga, domin iska tana ɓata wuta. Makamashinta karan hatsi ne da kashin shanu. Idan ka leƙa ba ka ganinta, sai dai muryarta ta fito daga cikin hayaƙi tana cewa ka matsa kana tare mata haske. Shekara kusan arba'in tana haka. Tari ya shigo mata kamar baƙo mai kunya, ya ƙare ya zama mai gida. Na yi mata rubutu ta sha, na yi addu'a gwargwadon iyawata, masu sassaƙe suka yi nasu. Daga bisani muka kai ta babbar likita ta Maradi, wato babban asibiti, lokotoro mai duba marasa lafiya ya ce hanyoyin iska na huhunta sun ƙuntata, ba za su koma yadda suke ba, sai dai a lallaɓa su har iyakar kwana. Ya rubuta mata maganin shaƙa: ɗan gwangwani ne da bai wuce tsawon yatsa ba, a cikin gidan roba mai baki.

Wata guda tana fesa shi a kan harshe tana korawa da ruwa, kamar yadda ake yi wa ƙwaya. Ta ce, "Wanga magani ɗaci kawai gare shi." Sai lokotoron garinmu ya gano. Ya huda gindin gorar roba, ya cusa bakin maganin a ciki, ya ce ta girgiza, ta kama bakin gorar da leɓɓanta, ta danna, ta ja a hankali, ta riƙe har ta ƙirga yatsunta goma. Ina wurin ranar. Ta saki numfashin, ta ja wani, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ashe haka kuke ji kullum, kuma ba ku godiya?"

Wannan tambaya ta fi mini wa'azi da yawa da na yi da bakina.

Bayan kamar shekara biyu ta je farmasi da takardarta aka ce babu. Ta je wata, babu. Ƙafa ta gaza, ta zauna a dakalin ƙofar farmasin tana haki, sai ta tarar ba ita kaɗai ba ce a dakalin. Akwai tsohon maƙeri, akwai mace mai tuyar waina, kowa da takarda a hannu, kowa ya zo daga nesa, kowa za ya koma hannu wofi ya jira abin da Allah Zai yi. Daga wannan dakalin aikinta ya soma.

Ba ta da karatu, ba ta da mota, ba ta san ƙofar kowane buro na hukuma ba. Abin da take da shi ƙwarya ce babba da 'yar salula mai madannai. Duk mai ciwon da ya zo mata sai ta karɓi tsohon gwangwaninsa da ya ƙare, ta naɗe shi da takardar lokotoro, ta ɗaure da ƙyalle daga tufafin mai shi. Da ƙyallen take gane na kowa: wannan shuɗin saƙi na Bafillace ne, wannan atamfa mai ganye ta mai waina ce. Ta hana kowa jiran maganinsa ya ƙare kafin ya yi magana. Takan ce, "Wanda ya jira gwangwani shi yi shiru, shi ma za shi yin shiru." Lokotoro ya gaya mata cewa abin yana ci gaba da fesa iska ko bayan maganin ya ƙare, saboda haka girgizawa a kunne yaudara ce, sai ta sa kowa ya riƙa lura da ranar da ya ɓare sabo, ya aiko mata tun da sauran kwanaki.

Da ta idar da lazimin safe sai ta jawo salula ta hau kiran masu farmasi. Ina jin ta daga zaurena, domin ba ta yarda muryar mutum tana isa Agye ba sai an ɗaga ta.

"Ɗana, an tashi lafiya? Ina iyali? Ina mai jegon? To, abin nan ya zo?"

"Gwaggo, tun ba ki tambaya ba, bai zo ba."

"To wa ka ji yana da shi? Kada ka ce mani ba ka sani ba, ku masu farmasi kun fi matan bakin rijiya jin labarin juna."

Ta haka takan ji cewa akwai saura a Tasawa, ko an sauke kaya a Agye, ko wata farmasi a ƙetaren iyaka tana da shi. Sai ta aika a kira direba ko ɗan kasuwar da za ya bi ta can, ta damƙa masa ƙunshin mai shi, ta ce ya ajiye tsohon gwangwanin a gaban mai farmasi tare da takarda, kada ya karɓi abin da bai yi kama da shi ba, kuma kada ya saya ko'ina sai a farmasi mai ƙofa da rufi. Idan irin da aka rubuta ya ɓace ƙasa da sama, takan tasa mai ciwon gaba har wurin lokotoro domin ya duba ko akwai wani iri da za ya tsaya a madadinsa. Ba ta taɓa sauya wa kowa magani da ra'ayinta ba.

Wata rana ta je ganin ɗiyarta da ke aure a Gazawa, mai tallar magani a faranti ya tare ta a kasuwa ya ce yana da abin da take nema. Ta ɗauki kwalin ta juya shi, ta ga rana ta cinye launinsa. Ta ce, "Wanga ai rana ta riga ta shaƙe shi. Kuma kai da ka jera maganin ƙirji kafaɗa da kafaɗa da na ɓera, ranar da ka yi gyangyaɗi wa za ka kashe?" 'Yan kasuwa suka yi ta dariya, har shi mai farantin.

Kada wani ya zaci tana hana kanta domin ta ba wasu. Nata maganin ba ta wasa da shi. Takan ce, "Mataccen jaki ba shi kai kayan kowa kasuwa."

Yanzu na zo ga abin da ya fi mini nauyin rubutawa.

A shekarar da aka rufe iyaka, kaya suka yanke, maganin ya ɓace daga ko'ina. A cikin wannan tsanani wani alhaji mai sayar da hatsi a garinmu ya rasu. Shi ma ciwon yake da shi, amma babban ɗansa yana aiki a Yamai yana aiko masa da magani a wadace. Yayata ta shiga cikin gida ta'aziyya, ta ga gwangwani huɗu a kan kanta, ba a ko ɓare kwalinsu ba. A ranar kuwa mai injin niƙa yana kwance a ƙauyensu ba magani. Mutum ne matsakaicin shekaru, ƙurar gari da hayaƙin inji suka cinye masa huhu, yana da 'ya'ya ƙanana. Matar mamacin ta ce, "Ɗauki, Gwaggo, mi za mu yi da su?" Amma ƙanen mamacin ya ce a tambayi Malam tukuna, domin ni ne zan raba gadon.

Ta sa aka kira ni zaure, a gaban mutane kamar goma.

"Malam, gwangwani huɗu na nan ciki ba a taɓa su ba. Mai su ya gama da lumfashi. Akwai mai bukata a Gidan Sori."

Na ce, "Yaya, daga sa'ar da rai ya fita, ko allurar da ke gidan nan ta zama ta magada. A cikinsu akwai marayu uku da ba su balaga ba, kuma babban ɗa bai iso ba. Matar ba ta da ikon kyautar da abin da ba nata ba ne ita kaɗai."

"Marayun shaƙa za su yi?"

"Ko ba za su shaƙa ba, haƙƙinsu ne."

"Yaushe za a raba?"

"Bayan sadakar bakwai, in babban ɗa ya iso."

Ta ce, "Bakwai! Auta, toshe hancinka ka rufe bakinka, in ƙirga maka bakwai. Ba kwana ba, ƙirga kawai."

Tun ranar da aka naɗa mini rawani ba ta ƙara kirana Auta a gaban jama'a ba sai ran nan. Na ga wasu suna sunkuyar da kai suna ɓoye murmushi. Zafin sunan ya rufe mini ido daga gaskiyar maganar, na ce, "Yaya, shari'a ba ƙuli-ƙuli ba ce da za a murɗa ta yadda aka ga dama."

Ta dube ni tsawon lokaci, ƙirjinta yana hawa yana sauka. Sa'an nan ta ce, "Ƙuli-ƙulin dai shi ya saya maka takardar da ka karanta shari'ar." Ta gyara mayafinta ta fita.

A kwana na biyar aka ɗauko mai injin niƙa a amalanke zuwa likitar Gidan Rumji, leɓɓansa sun yi baƙi. Ba ta zo ta gaya mini da kanta ba. Wurin matata ta aika da saƙo: "Ki ce wa Malam shi je Gidan Rumji, fatawarshi na can kwance."

Na je. Ba a kwance na same shi ba, domin mai irin wannan ciwo ba ya iya kwanciya. Yana zaune a bakin gado ya dafa gwiwoyinsa, an sa masa robar iska a hanci, kafaɗunsa suna tashi da kowane numfashi kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Matarsa tana yi masa fifita. Da ya ga rawani a bakin ƙofa sai ya yunƙura za ya sauko ya gaishe ni. Da ƙyar na hana shi.

Na dawo gida na buɗe littattafan fiƙihu, ban sami komai sabo a cikinsu ba. Babin larura yana nan inda na bar shi, wanda na karantar da shi fiye da shekara talatin: cewa ceton rai wajibi ne a kan duk mai iko, kuma abin maraya ana iya ɗaukarsa saboda irin wannan matsi matuƙar wani ya tsaya za ya mayar da kamarsa. Ni ne mai kula da gadon, da na ce a ɗauka na lamunce, da an ɗauka a ranar. Ilimin yana nan, girman kai ne ya shimfiɗa buzu a kansa ya zauna. Da babban ɗan alhajin ya iso aka ba shi labari, sai ya ce, "A kan wannan anka tsaya jirana?" Ya kwashe duka huɗun ya aika mata. Allah cikin rahamarSa Ya tashi kafaɗun mai injin, ba don hukuncina ya yi daidai ba.

Duk da haka sai da na ƙara kwanaki ina kewaya ƙofarta. A rana ta goma sha tara na shiga. Na same ta a tsakar gida tana tsintar wake a faifai. Na tsuguna, na ce, "Yaya, na yi kuskure, kuma na faɗi maganar da ba ta dace da ni ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka ci abinci?"

Na ce ban ci ba. Ta sa aka dama mini fura. Sai da na sha ta ce, "Ban son haƙurinka, ba ni da inda zan aje shi. Littattafan nan naka masu yawa, duba mani ciki ko akwai ƙofar da ba sai an jira bakwai ba."

Akwai kuwa, kuma ƙofa ce sananniya: wasiyya. Mutum yana da ikon ya yi umarni da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba ga wanda ba magajinsa ba, kuma ana fitar da shi kafin rabo. Na ce mata duk mai ciwon da ya faɗa a gaban shaidu biyu, da ransa da hankalinsa, cewa abin da ya rage na maganinsa wanda ba a ɓare ba a ba mabukaci, to ba mai tsayar da shi. Lokotoro ya ƙara nasa sharaɗin: sai ya duba da idonsa cewa kwalin a rufe yake, kwanansa bai wuce ba, kuma ya dace da takardar wanda za a ba. Wanda aka riga aka sa a baki ba a ba wani.

Da fari mutane suka noƙe, domin a wurinmu ambaton wasiyya kamar yafuto mutuwa ne da hannu. Bafillacen ya ce shi bai shirya ba tukuna. Ta ce, "Ita ma ba ta tambayarka ko ka shirya." Ita ta fara yin tata, a zaurena, a gaban liman da lokotoro. Daga nan sauran suka biyo ɗaya bayan ɗaya. A shekarun da suka biyo baya sau da yawa nakan ga ta fito daga gidan makoki tun ba a watse ba, ta nufi likita da ɗan ƙunshi a ƙarƙashin mayafi, tana tafiya tana hutawa a gindin kowace bishiya.

Wannan ita ce matar da muka binne ranar Talata.

Bayan direban ya isar da saƙonsa, na tashi na shiga cikin gida. Ɗiyarta ta tarye ni a ƙofar ɗaki da ƙwaryar a hannu. Ta ce, "Kawu, ga kayan mutane, ban san yadda zan yi da su ba. Ga kuma nata guda biyu, ba ta ɓare su ba." Na tona ƙwaryar na sami ƙunshin mai injin, ƙyallen tsohuwar riga ne da gari ya shige cikin zarensa. Lokotoro yana cikin masu zaman makoki. Ya karanta takardar, ya juya kwalayen, ya ce iri ɗaya ne kuma kwanansu da saura. Amma kafin mu gama sama ta kece da ruwa, masu kabu-kabu, masu babur na haya, suka ce ba mai ratsa fadama sai gari ya waye.

Da muka idar da sallar asuba na sa aka kira mai kabu-kabu. Ƙanen nan namu ya sha gabana.

"Malam, ina za ka? Kai ne mai amsar gaisuwa. Yau malaman Maradi za su zo, da mutanen fada. Mi za a ce in anka tarar da tabarmarka ba kowa? Ba shi saƙon shi kai mana."

Na ce, "Zauna a kanta, kai ma ƙanenta ne. In sun tambaya ka ce na tafi zartar da wasiyya."

"To ai aike ma zartarwa ce."

"Gaskiya ne. Amma ɗan aike ba ya tuba a madadin wanda ya aike shi."

Na haura shekara saba'in, kuma rabona da hawa bayan babur an daɗe. Muka bi hanyar yashi, hatsi ya yi tsawo dama da hagu yana dukan gwiwoyina da raɓa. Da muka isa fadama ruwa ya kwanta, sai da na sauka. Na cusa kwalayen biyu a cikin naɗin rawanina, na tattare riga, na ratsa ruwan da ƙafa yana kai mini cinya, mai babur yana tura abin hawansa yana cewa, "Sannu Baba, bi ta nan Baba." Rana ta ɗaga kafin mu shiga ƙauyen. Ban ji ƙarar inji ba, sai na zaci na makara.

Yana da rai. Na same shi a ƙarƙashin rumfa, ya kife turmi ya jingina ƙirjinsa a kai. Ya gan ni, bakinsa ya motsa, ba abin da ya fito sai wani siririn fito. Matarsa ta ruga ta ɗauko gorar roba. Na ga yayata tana yin wannan aiki sau ɗari, amma ban taɓa yi da hannuna ba. Na ɓare kwalin, na cusa bakin maganin a gindin gorar, na miƙa masa.

Matar ta ce, "Allah gafarta Malam, a girgiza tukuna."

Na girgiza. Ya kama bakin gorar, na danna, ya ja. Na ɗaga yatsuna a gaban idonsa ina lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, bai kai biyar ba ya saki. Muka dakata, muka sake. Wannan karon ya kai bakwai. Na gaya wa matar abin da lokotoro ya ce, cewa ko ya sami sauƙi a ɗaura amalanke a kai shi likita a yau, kada a dogara da wannan kaɗai. Ta fita neman mai jaki. Muka zauna ni da shi, kaji suna tono a gefenmu, ina kallon kafaɗunsa suna sauka kaɗan-kaɗan.

Can sai ya ɗago kansa daga turmin. Ya ce, "Malam, ina haƙuri?"

Na ce, "Haƙuri sai godiya."

"Ni ya kamata in zo."

Na ce, "Akwai maganar da na daɗe ina riƙe da ita. Shekarar da aka kai ka Gidan Rumji, maganin yana nan a Tibiri tun kwana biyar kafin nan. Ta nema maka. Ni na hana."

Ya dube ni. Ya ja numfashi, ya sake ja, kamar mai auna abin da ya rage a rumbu. Ya ce, "Malam, lumfashin da na samu kaɗan ne. Ba ni kashe shi a kan abin da ya wuce. Bari in yi wa Gwaggo addu'a da shi."

Ya ɗaga hannayensa masu kaushi, waɗanda gari ya zauna a cikin tsagunsu. Ni da na saba a ɗaga hannu a bayana, na ɗaga nawa a bayansa. Yana faɗa yana hutawa:

"Ya Allah, ga Gwaggo nan ta zo gare Ka. Ka buɗe mata ƙirji. Ka yalwata mata wurin kwanciya, Ka sa mata taga. Abin da Ka tanadar mata na alheri, Ka ba ta tun yau. Kada Ka sa ta jira."

Na ce amin.